Tsagewar Bangon Aji Uku

Kwaɗon akwatin ƙorafi a buɗe yake, yana lilo. Malamar aji uku ta hango shi tana shiga ɗakin malamai. Shekara biyu ba a taɓa akwatin nan ba, sai yau, kwana ɗaya da jefa takardarta.

Kowa ya zauna inda ya saba: 'yan gaban goshin Hedimasta a ƙarƙashin fanka, sauran a benci bakin ƙofa. Hedimasta ya ɗaga takardar da yatsa biyu.

"Wai bangon aji uku ya tsage, zai faɗo wa yara. Babu suna. Jifa a ɓoye hannu ke nan."

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji mataimakinsa, wanda ake kira Haka-ne a bayan idonsa.

Da hannun hagu ta yi rubutun don kada a gane ta. Amma hannu ya riga ya saba: ta sa kwanan wata a kusurwar dama, ta ja masa layi biyu, yadda take yi a allo kowace safiya.

"Wa ke jan layi biyu a makarantar nan?" Hedimasta ya tambaya, idonsa a kanta. "Malama, masu duba makarantu na tafe jibi. So kike a rufe mu, mutum ashirin su rasa abinci?"

"Ranka ya daɗe, hannuna yana shiga tsagewar. Yara arba'in ne a ƙarƙashinta."

"To, mu nan komai da shawara muke yi. Wanda ya ga tsagewa ya ɗaga hannu."

Ta dubi benci. Jiya a nan suka yi ta kumfar baki, har Baba na Lissafi ya ce mata, "Rubuta, 'yata, muna bayanki." Yanzu wani na gyara agogo, wata na laluben jaka. Baba ya zuba wa takalminsa ido. Wata takwas ya rage masa ya yi ritaya.

"Ni dai zanen fenti na gani," in ji Haka-ne. 'Yan fanka suka yi dariya, benci ya taya su kaɗan.

Hannunta kaɗai ne a sama.

"Magana ta ƙare," in ji Hedimasta. "Ki huta a gida har sai an neme ki. A rataya taswirar duniya a wurin, ta rufe shi. Baba, kai za ka riƙe ajin."

Daga tsakar makaranta ana jiyo 'yan aji uku suna rera jadawalin bakwai.

"Baba," ta ce a hankali, "ko 'yan layin baya ka matsar da su daga jikin bangon."

Bai ɗago ba. Ya karɓi taswirar daga hannun Haka-ne, ya naɗe ta a hammata, ya raɓa ta gefenta ya fita.