Sunan Tukunya

Ƙusa huɗu Sama'ila ya buga a jikin ƙyauren ɗakinsa, kowace a kusurwar takardar, sannan ya ja da baya yana duban aikinsa. Layukan da jar tawada ya ja su, sa'o'in kuma da shuɗiya, rubutu tsaf irin na wanda ya shekara takwas yana kwafar takardun gwamnati.

"Mani! Zo nan."

Yaron ya taho a guje daga wajen turke, ƙwarya a hannunsa, rabin ruwan ya ƙare a gaban rigarsa. Shekararsa biyar da ƴan watanni. Tun kafin ya iso ya fara ba da labarin yadda akuya ta so ta ture shi.

"Ajiye ƙwaryar nan," in ji uban. "Ka ga takardar ga? Daga yau ita za ta tashe ka, ita za ta kwantar da kai. Ƙarfe shida wanka. Shida da rabi allo. In na dawo aiki da rana, lissafi. Da la'asar, karatu. Babu fita, babu wasan ƙasa."

Hasiya, matar gidan, tana gindin turmi da Zalihatu a goye. Ta tsai da taɓarya.

"Malam, to akuyar fa? Shi ke ba ta ruwa."

"Ba makiyayi nake reno ba."

Ta ci gaba da daka. Hasiya ba ta taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, amma gidanta ba a sake yake ba. Tun Mani yana shekara uku ta ɗora masa ƴan ayyukansa. Da safe ya shayar da akuya, ya buɗe akurki, ya ƙirga kaji suna fita. Tara ne, in ya ga takwas sai ya leƙa ya gano mai kwanci. Da hantsi su zauna tsintar wake, ta sa shi ya kasa goma-goma, a haka ya kai talatin ba tare da ya san karatu ake yi masa ba. A hanyar rijiya ta nuna masa itace ya faɗi suna: ga sabara, ga kalgo, ga aduwa. Babban aikinsa kuwa, wanda yake ji da shi, shi ne in za ta zagaya bayan ɗaki ta ce, "Mani, idonka a kan ƙanwarka." Sai ya zauna ya turo ƙirji kamar dogarin sarki, ko ƙuda bai isa ya sauka kan yarinyar ba. Bakinsa kuwa ba ya hutawa. Matan maƙwabta ɗan aku suke ce masa.

* * *

Sama'ila komi ne, wato akawu, a ofishin gwamnati na Dogon Dutsi. Ɗan manomi ne daga Dumega. Yana shekara bakwai dogarai suka zo suka ɗauke shi zuwa lakwal, uwarsa na bin su da kuka har bayan gari. Ya sha bulala, ya sha yunwa, ya fito da takarda da farar riga, kuma ya yi imani bulalar ce ta ba shi rigar.

A shekarar 1962, shekara biyu da samun mulkin kai, Nasara na ta barin kujeru ƴan ƙasa na hawa. Kujerar da Sama'ila ya daɗe yana hange sai aka ba wani saurayi da aka turo daga Yamai, wanda Faransanci ke zuba daga bakinsa kamar a can aka yanke masa cibiya. Wata rana Sama'ila na karanta wasiƙa a gaban mutane, saurayin ya maimaita wata kalma yadda ya furta ta, aka kwashe da dariya har da masinja. A ranar ya shigo gida da allo da alli. Ya rantse a ransa babu mai yi wa ɗansa wannan dariya.

Takardar ƙyaure ba ta ishe shi ba. Bayan mako biyu ya dawo da wani guntun ƙashin jaki da aka huda aka zura wa igiya.

"Sunansa simbol," ya ce wa Hasiya. "A lakwal, duk wanda ya yi Hausa shi ake rataya wa. Daga yau yaron ga ba ya Hausa a gidan nan. In ya yi, ya kwana da wannan a wuya, ya kuma durƙusa kan tsakuwa har in gama cin tuwo."

"Malam, ni ba na jin Nasaranci. Da wane baki zai ce mini yana jin yunwa?"

"Sai ya koya. Haka aka yi mini, ga ni ban mutu ba."

"Kai a lakwal aka yi maka. Shi a ɗakin uwarsa."

"Ke dai tuwo kika sani. Bar mini abin da na sani."

Da farko Hasiya ta ɗauka abin mai sauƙi ne. Da uban ya sa ƙafa waje sai ta jawo Mani, su koma hirarsu. Amma kullum da la'asar Sama'ila zai tsai da shi ya tambaya, "Ka yi Hausa yau?" Ita ce kuwa ta koya wa yaron cewa ƙarya ba ta kwana a bakin ɗan halas. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Wi, Papa." Ƙashi ya hau wuya, gwiwa ta sauka kan tsakuwa.

Kwana shida a jere ya durƙusa. A na bakwai ya gano mafita da kansa. Ba zai yi ƙarya ba, ba zai kuma durƙusa ba. Sai ya daina magana. In yana son ruwa ya nuna randa. In uwar ta ce, "Faɗa mini mana, babu kowa," ya dubi ƙofar gida, ya dube ta, ya girgiza kai.

Aka kai akuya ƙauye. Kaji suka koma hannun Hasiya. Mani ya iya haruffa, ya iya ƙirga zuwa ɗari da Faransanci, ya san sunan tebur da kujera da taga da tuta. Sama'ila ya fara gayyato abokan aiki su zo su ji. Su tafa, su ce wannan ai gwamna ne. Hasiya na jin su daga madafa, tana tuna rabonta da jin dariyar ɗanta tun kafin saukar damina.

* * *

Ranar wata Lahadi ce da hantsi. Ba aiki, don haka allo ya kai har ƙarfe goma. Sama'ila na zaune kan kujera a inuwar ɗaki, ya juya wa tsakar gida baya, agogonsa a kan gwiwa. Mani na gabansa a tabarma, yana fuskantar madafa. Dokar ita ce ba ya tashi, ba ya ɗaga alli daga allo, sai agogo ya cika.

Hasiya ta sauke tukunyar kunu daga murhu, ta ajiye a bakin madafa ta sha iska. Zalihatu, mai wata goma, na can gindin turmi tana wasa da ludayi. Maƙwabciya ta yi kira ta kan darni tana neman aron rariya. Hasiya ta miƙe, bakinta ya faɗi abin da ya saba faɗa wata da watanni:

"Mani, idonka a kan ƙanwarka."

Ta zagaya.

Mani ya ga lokacin da yarinyar ta yar da ludayin. Ya ga ta kafa hannuwa ta fara rarrafe, tana bin tururin da ke tashi. Ya ɗaga gwiwa zai tashi, uban ya ƙwanƙwasa agogo da farce ba tare da ya ɗago kai ba. Ya koma ya zauna.

"Papa..."

"Gama layinka," in ji uban da Faransanci.

"Papa, la... la..."

"La me? Cikakkiyar jimla nake so. Yi tunani, sannan ka buɗe baki."

Yaron ya yi tunani. Ya bi tebur, ya bi kujera, ya bi taga da tuta. Abin da yake nema ba ya cikinsu. Idonsa ya wuce kafaɗar uban, allin ya karye a hannunsa.

Ƙarar da Zalihatu ta yi har masu wucewa a hanya sun ji. Ta kama bakin tukunyar za ta miƙe, tukunyar ta biyo ta. Kunun ya malale mata a hannun dama tun daga gwiwar hannu har yatsu.

Sama'ila ne ya sure ta, ya ruga gidan likita ba takalmi, Hasiya na bin sa kai ba ɗankwali. Malamin asibiti ya wanke, ya shafa magani, ya naɗe. Ya ce za ta rayu, amma yatsu biyu sai abin da Allah ya yi.

Sai bayan azahar suka dawo. Mani na nan kan tabarma inda suka bar shi, allo a cinya, rana ta cinye inuwar ta dawo kansa. Ba wanda ya ce masa ya tashi.

Sama'ila ya tsaya a kansa. Faransancin ya gudu daga bakinsa, da Hausa tsantsa ya daka masa tsawa.

"Kana kallo! Idonka biyu kana kallonta! Mi ya hana ka magana?"

Yaron ya ɗago. Muryarsa ta fito a shaƙe, irin ta wanda ya daɗe bai yi amfani da ita ba.

"Ban san sunan tukunya ba, Papa."

Sai ya zaro ido, ya gane da wane harshe ya yi maganar. Ya miƙe, ya je ya ciro ƙashin jakin daga ƙusar da ake rataye shi, ya sa a wuyansa, ya taka zuwa wajen tsakuwa ya durƙusa.

Hasiya ta ɗora hannu a ka. Sama'ila ya sunkuya ya zare ƙashin daga wuyan yaron.

* * *

A ranar ya jefa ƙashin a masai, ya yage takardar ƙyaure. Amma abin da aka ɗaure da igiya ba ya kwancewa don an yar da igiyar. Mani bai ƙara cewa uffan ba, ko Hausa ko Faransanci. Uban ya lallashe shi, ya kawo masa alewa, ya ce, "Yi Hausarka, na yafe." Yaron ya karɓi alewar ya riƙe har ta narke a tafinsa.

Matan unguwa suka ce iska ce. Wata ta ce doguwa ce ta shafe shi, a kira masu bori su buga masa goge. Ana cikin haka Kaltume, mahaifiyar Sama'ila, ta iso daga Dumega, don labari ya kai mata. Ta duba hannun Zalihatu, wanda yatsu biyu suka manne da juna. Ta zauna ta daɗe tana kallon Mani. Sannan ta sa aka kira mata ɗanta.

"Ba wata doguwa," ta ce. "Doguwar tana sa farar riga, tana zuwa aiki da safe."

"Inna, alheri na nufe shi da shi. Ba na so a yi masa dariya kamar yadda aka yi mini."

"Na sani. Ni da aka ƙwace ka daga hannuna, wata tara ba na ganinka, in ka dawo hutu kana mini kallon baƙauya, na ce komi? Na haƙura, na ce dogarai ne, ƙarfi ne. To wanga fa, wa ya turo dogarai? Kai ka zama dogarin, ka shigo har ɗakin uwarsa."

Sama'ila ya sunkuyar da kai.

"Zan tafi da su, shi da uwarsa da jinjirar, har a gama kaka. Karatu ba ya gudu. In lokacin lakwal ya yi ya shiga kamar ɗiyan kowa."

Bai musa ba. Washegari ya raka su tasha, ya ɗora Mani cikin mota da hannunsa. Jikin yaron ya sandare har sai da uban ya sauke hannun.

Bayan wata guda ya kai musu ziyara. Ya yi sallama, Mani na tsakar gida, yana ganinsa ya miƙe tsaye ƙiƙam, ya kafa ido a ƙasa. Kwana biyu Sama'ila ya yi a gidan bai ji muryarsa ba. Da zai tafi Hasiya ta raka shi bakin zaure, ta ce a hankali, "Ya fara magana, Malam. Ranar da za ka zo ma da safe ya yi."

* * *

Sama'ila ya sake komawa lokacin da ake yankan gero. Ya sauka daga motar kasuwa a Tibiri, ya ƙarasa da ƙafa, ƙunshin burodi a hammata. La'asar ta yi sanyi sa'ad da ya iso bayan gidan uwarsa. Kafin ya zagayo ƙofa sai ya ji wata murya ta cikin darni, siririya, tana sauri kamar ana kora ta.

"Ni ba ni aurenki, Kaka! Ba ki da haƙora!"

"Kai, mijin banza! To wa ya dama maka hura jiya?"

"Inna ce! Ke barci kika yi, bakinki buɗe, ƙuda ya shiga ya fito, ya sake shiga!"

Dariya ta tashi, ta tsohuwa da ta Hasiya, da wata ƴar ƙarama mai ƙyalƙyala, ta ɗansa, wadda ya kusa manta amonta.

Ta wata ƴar kafa a jikin karan ya hango Mani. Ya yi baƙi, ya yi ƙiba, ƙafafunsa furu-furu da ƙasa. Yana ɗauko zangarniyar gero bibbiyu yana miƙa wa kakar a bakin rumbu, yana zuba surutu ba numfashi.

Taku goma ne tsakaninsa da ƙofar. Sama'ila ya gyara burodin a hammatarsa, ya jiƙa leɓe zai yi sallama. Ya san abin da sallamar za ta yi. Ya haɗiye ta.

Ya jingina goshi da darnin, ya tsaya nan yana saurare, har shanun gari suka fara shigowa suna wuce shi ta dama da hagu.