Tukunyar Bayan Labule

A Datong, duk namijin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ramin kwal ya san abin da ke jiransa: tari, sai haki, sai ranar da likita zai ɗaga hoton ƙirji ya ce huhu ya zama dutse. Kang Yongfu ma an faɗa masa hakan. Amma shi sai ya zama abin nuni a unguwa. Kullum da sassafe yana lambun gari a gindin itatuwa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannuwa a buɗe kamar ya rungumi randa, yana koya wa tsofaffin abokan aikinsa qigong, wato motsa jiki na gargajiya da sarrafa numfashi. Yakan ce su saukar da numfashi ƙasan cibiya, can ƙarfin jiki yake taruwa. Malam suke kiransa, kuma sun baza shi a gari cewa Malam Kang ya narkar da dutsen ƙirjinsa da numfashi kawai, ba allura ba ƙwaya.

Matarsa Shulan kaɗai ta san abin da ke bayan labulen ɗakinsu. Tukunyar iska ce ta asibiti, da robarta ta hanci. Kafin ya fita sai ya zauna bakin gado ya shaƙa ya ƙoshi, ita tana dama masa kunun gero. In ya dawo kuwa da jan ƙafa yake hawa bene, ya faɗa kan tukunyar nan kamar jariri a kan nono. Shulan ce ke naɗe ta a bargo, ta ɗora a amalanke ta kai a cika a wata unguwa mai nisa inda ba a san su ba. Ba ta taɓa ganin laifin hakan ba. Namiji da aka raba da aikinsa da lafiyarsa, in ya samu masu ce masa Malam, ai a bar shi da abinsa.

Sai Tsoho Dou ya shigo ajin. Rami ɗaya suka yi da Kang, mutum ne mai barkwanci, yana jan ƙaramar tukunyarsa a baya yana cewa amaryarsa ce, ba ta yarda ya fita shi kaɗai. Ya yi ta kallon Kang yana tsaye ƙyam ba komai a hanci. Kafin sanyi ya shigo sosai, wata safiya sai ga Dou ya zo hannu rabbana. Ya ce ya saki amarya, ya mayar wa asibiti kayansu, shi ma zai bi hanyar Malam. Aka yi ta tafi. Kang ya gyaɗa kai kawai, bai ce cire ba, bai ce mayar ba.

Shulan, da ta kawo wa mijinta ruwan zafi a gora, ta ga leɓen Dou ya yi shuɗi. Da suka koma gida ta jira har Kang ya sa robarsa, sannan ta tsaya a kansa.

"Tsoho, ka gaya wa Dou gaskiya."

Ya ce ai shi bai yi wa kowa ƙarya ba, kuma qigong yana yi masa amfani, ita ma shaida ce. Ta ce ba ta musa ba, amma amfanin tare da tukunya yake tafiya. Ya kawar da kai, ya ce in ya faɗa, da wane ido zai sake kallon mutanen nan? Zai samu Dou su biyu ya yi masa magana a hankali, gobe. Gobe ta zo ya ce jibi. Haushi ya ishe ta, amma matar kirki a wurinmu ba ta kwance wa mijinta zani a gaban almajiransa, haka aka tarbiyyantar da ita, sai ta haɗiye.

Ranar da ta kasa haɗiyewa, ta dafa taliya ta zuba a kwano ta nufi gidan Dou, da niyyar ta raɗa wa matarsa Yumei gaskiya a kicin. Tun daga bakin lungu ta hango farar takarda manne a ƙofar, alamar Dou ya rasu. Rai ya yi halinsa da asuba. Ta tsaya da kwano a hannu har taliyar ta huce.

Abin da ya fi ci mata rai a wurin makoki ya faru. Yumei, cikin fararen kayan takaba, ta durƙusa gaban Kang tana godiya. Ta ce har numfashinsa na ƙarshe Dou yana cewa laifinsa ne, bai fara da wuri ba, bai kuma dage kamar Malam ba. Sannan ta jawo ƙanenta Baoshan, wanda shi ma ramin ya cinye masa ƙirji, ga roba a hancinsa, ga 'ya'ya biyu ba su gama makaranta ba.

"Malam, ga shi na ba ka. Shi da sauran ƙarfinsa. Gobe zai ajiye tukunyar ya zo."

Shulan ta zuba wa mijinta ido. Ya buɗe baki, ta ga maganar ta zo masa har wuya. Sai ya dafa kafaɗar Baoshan ya ce masa gobe ya zo da wuri.

Washegari Kang ya farka ya ɗaga labule bai ga komai ba. Ya yi kira, shiru. Duk da haka ya sa tufafinsa ya fita, don Malam bai taɓa fashi ba, yana tafiya yana dafa bango. Da ya isa lambun almajirai sun jeru, Baoshan na gaba, robarsa a hannu ya cire ta ke nan. Kang ya lanƙwasa gwiwa ya buɗe hannuwa. Sai ga ƙarar amalanke. Shulan ta turo shi har gabansa, ta yaye bargon, ta murɗa kan tukunyar, ta miƙa masa robar. Kunya kamar ta nutse, amma ba ta sauke hannun ba.

"Kin kashe ni, tsohuwa," ya ce a hankali.

"Dou muka kashe, ni da kai. Karɓi."

Ya ƙi. Ya tsaya a yadda yake, ƙirjinsa na kuka kamar tsohuwar ƙofa, zufa na karyo masa cikin wannan sanyi, leɓensa na komawa irin na Dou. Ba wanda ya motsa. Can hannunsa na dama ya sauko, ya fizgi robar ya cusa a hanci, ya durƙushe a ƙasa yana zuƙa a gaban kowa.

Mutane suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya, ba sallama. Wani ya tofar da yawu. Baoshan ya daɗe yana kallon Malam, sannan ya mayar da robarsa hanci ya juya.

Kang bai sake taka lambun ba, bai kuma sake yi wa Shulan magana ba har ya mutu a ƙarshen sanyin nan. Kullum takan dama kunun ta ajiye masa, ya sha ya juya wa bango fuska. Baoshan na nan da ransa. In sun haɗu da Shulan a kasuwa yana jan tukunyarsa, sai ya sunkuyar da kai ya canza hanya.