Mutum Tara a Jana'izar Malam Sirajo

Tahir ne ya hana jama'a zuwa jana'izar Malam Sirajo, kuma ba jahilci ya sa shi ba, girman kai ne.

Ƙungiyar Hausawan yankin tana da kwamfuta guda a gidan Maitama a garin Sterling, can ƙasar waje. Babban aikinta, in an yi rasuwa, ta aika saƙo zuwa wayoyin mutum ɗari biyu da arba'in. A ƙasar da kowa ke bakin aiki, wanda bai ji da wuri ba ba zai samu salla ba. Maitama, dattijon da ke kula da ita, ya keɓe wa kowace manhaja muhallinta, kamar ɗaki da kayansa. Za ka shiga, ka rubuta activate, wato kunna, a baƙin allon kwamfutar, sunan ɗakin ya fito a farkon layi. Ka gama, ka rubuta deactivate, wato kashe, ka fita.

Da Tahir, wani matashi ɗan ƙungiyar, ya zo taimako da digirinsa biyu, ya dubi allon ya yi dariya.

"Baba Maitama, wannan sunan ai na 'yan koyo ne. Ni na san inda nake."

"Ko liman yana duba alƙibla, ɗana."

Bayan idon dattijon, Tahir ya ɓoye sunan. Wata Asabar ya shiga ɗakin sanarwa, ya mance bai fita ba, ya ɗora sabbin kayan da yake gwaji da su a kan tsofaffi. Allon bai ce masa komai ba, don shi ya rufe masa baki.

Ran Talata Malam Sirajo ya cika a asibiti a Largo. Daga wurin aiki Maitama ya ba kwamfutar umarnin aika sanarwa, ya kama hanya. Saƙo bai fita ba, don kayan gwajin Tahir sun dagula manhajar. Mutum tara suka yi sahu.

A gidan makoki a Fort Washington, matar mamacin, Hajiya Sailuba, ta sa aka kira shi.

"Maitama, shekara ashirin mijina bai taɓa fashin jana'izar kowa ba. Me ya yi wa mutane?"

Da Maitama ya koma gida ya bi tarihin umarnin da aka rubuta, layi bayan layi, har ya ga shigar Tahir, bai ga fitarsa ba. Ya auna abin a ransa. Kuskure kowa na yi, shi ya sa ake kafa alama. Amma wanda ya tumɓuke alamar don kada a ce masa ɗan koyo, ba kuskure ya yi ba. Shi ma da ya ba Tahir mabuɗin kwamfutar don ganin digiri, da nasa kason.

Ya mayar da sunan ɗaki kan allo, ya kai maganar gaban dattawa.

Aka canza kalmar sirri. Aka ba Tahir takarda mai lambar waya ɗari biyu da arba'in, ya kira kowa da bakinsa ya faɗi abin da ya yi. Ya fara da Hajiya Sailuba.