Sulken Gwangwanin Madara

…gefen hagun ne dai bai yi ba. Har yanzu bai yi ba. Malam Harisu yana jujjuya 'yar tankar yaƙin a tafin hannunsa, gilashin gyaran agogo maƙale a idonsa na dama, yana leƙen ƙasan sarƙa inda ƙananan tayoyin suke jere. Akwai kafa. Ga ta nan, tsinken sakace ma zai shige. In tsinke zai shige a ta roba, a ta gasken me zai shige? Sai an ƙara falle ɗaya na sulke. Falle ɗaya tak, sannan ya tashi ya sa riga.

Haka ya ce jiya. Haka ya ce da azumin bara ma.

Ƙarfe nawa? Agogo bakwai ne a bangon zauren nan, na mutanen da suka kawo gyara suka manta, kowanne da nasa ra'ayin. Amma na hannunsa ba ya ƙarya: tara da rabi. Goma Alhaji Amadu ya ce. Uban Rauda, matar Sabiru, matar ɗansa. Zai taso daga Sandamu a kan babur ya ɗauke shi su je gaban alƙali. Shekara huɗun da alƙali ya ɗibar wa matar wanda ya ɓace sun cika tun watan jiya. Saura uban miji ya zo ya faɗa da bakinsa cewa babu labari, babu wasiƙa, babu waya, babu wanda ya gani… sai a yanke hukunci, yarinya ta shiga takaba, in ta fita ta kama gabanta.

Takaba! Wa aka wanke? Wa aka kai?

Ina almakashin ya shiga… ga shi a ƙarƙashin takardar zanen. Takardar nan duk ta yi laushi, ta tsage a kan ninki, rubutunta na wata ƙasa ne da ko malamin makarantar boko ya kasa karantawa. Lambobi kawai yake bi. Goma sha bakwai ta hau kan tara, tara ta shige cikin arba'in da ɗaya. Aikin mako guda ne, in da gaskiya za a bi. Mutumin da ya shekara arba'in yana zare cikin agogo a kasuwar Daura, ya mayar da shi yana bugawa, guntayen roba ɗari biyu ne za su gagare shi?

Kwalin a hammatarsa Sabiru ya shigo da shi, hutunsa na ƙarshe. Wani ogansa ne da ya dawo daga kwas ya ba shi. Ya zazzage a kan tabarmar nan, guntayen a manne da juna kamar ƙayar kifi, yana dariya, haƙoran nan a waje —

"Baba, irin wadda nake tuƙawa ce sak. Sai dai wannan ba ta shan mai."

Shi ya haɗa gindin da kansa. Hannun soja, gam ko'ina. Ga shatin babban yatsansa nan a ƙasa, ya bushe a cikin gam, kowane layi raɗam. Ko'ina an bi da samfefa ban da nan. Fenti ma kewaye shi ake yi. "Kai mai hannu ne, Baba, ka ƙarasa mini kafin in dawo." Kafin in dawo… To ai ba a ƙarasa ba. Muddin ba a ƙarasa ba, yaron bai makara ba. Ina wahalar ganewa a nan? Me ya sa shi kaɗai ne yake ganewa?

Gwangwanin madarar yana ƙara a bakin almakashi. A yanka, a buɗe, a daddale da gindin cokali har ya kwanta. Faɗin farce ake so. Ya yi wa tankar nan abin da masu kwalin ba su taɓa mafarki ba: eriya da gashin agogo, raga da rariyar shayi, tamfol da gefen tsohon hankici, jarkoki biyu a baya don ya san yaron da shan ruwa. Laka ma ta gaske ce, daga bakin rijiya ya ɗebo, ya tankaɗe, ya kwaɓa da gam ya shafa wa sarƙar. A goshinta ya rubuta bisimilla da gashin burushi guda ɗaya, kwana uku yana yi yana gogewa. Sai sulken. Sulken kam ba ya ƙarewa.

Tun zuwan Dabo ne. Wata uku da ɓacewar, sojan nan ɗan garin Babban Mutum da ke cikin motar da ke bin ta su Sabiru ya shigo da sanda a hammata, ya zauna can inda butar take, ya kasa shan ruwan da aka ba shi. "Ta gefen hagu ta shiga, Baba. Ƙasan sarƙa." To shi ke nan, gefen hagu. Masu ƙera ta ba su yi wa gefen hagu adalci ba. Dubi robar, sirit, hasken rana ma yana ratsa ta. Falle ɗaya. Falle biyu. Daga nan gefen dama ya fara ba shi tsoro, daga nan baya, daga nan gaba…

Takardar sojoji cewa ta yi ba a gan shi ba. Ba a gan shi ba. Yana da ita a cikin Alƙur'ani, wanda yake so ya zo ya karanta. Mutum nawa ne ba a gan su ba, suka ɓullo ta Nijar, ta Chadi, da gemu har ƙirji? An ce wani a Mai'adua… wa ma ya ba shi labarin? An dai ce.

Shara. Can cikin gida, tsintsiya tana tafiya a hankali, shaa… shaa… Rauda ce. Ta share tsakar gidan nan da asuba, ya ji ta. Sharar me kuma take yi? Ga kokon da ta ajiye a bakin labule, ya yi sanyi, ya kama fata a sama. Ba ta shigowa, ba ta ɗaga ido, daga bayan labule take durƙusawa. "Baba, an tashi lafiya?" Shekara huɗu da rabi. Ta zo gidan nan da lalle har gwiwar hannu, wata biyar suka yi tare da Sabiru, ko ciki babu. Yau ba amarya ba, ba bazawara ba, ba mai takaba ba. 'Yan uwanta an yi musu suna biyu biyu, ita tana nan tana wanke wa tsoho riguna. Da ma za ta yi magana! Da ma rana ɗaya za ta yaye labulen nan ta ce Baba ka cuce ni, ya samu abin da zai yi fushi da shi. Ba ta yi. Yana jin tausayinta har cikin ƙashinsa, kuma wallahi wani lokacin haushin haƙurin nata yake ji.

Gam ɗin ya toshe. Allura… a huda bakin… ɗigo ɗaya, kada ya malala.

Sau uku Alhaji Amadu yana zuwa kan maganar kotun. Mutumin kirki, mai kunya, sai ya gama gaisuwar gona da ta shanu kafin ya taɓo ta. Me aka ce masa? "Bari in kammala wani ɗan aiki, Alhaji." Shi Harisu, dattijo mai shekara sittin da bakwai, da furfura har gira! Alhaji ya dubi tankar, ya dubi gwangwanayen da ke tare a kusurwa, ya ce Allah Ya kyauta, ya sa takalmansa. A majalisar ƙofar masallaci kuwa an daɗe da raɗa masa suna, Kwamanda. Yana ji. Su yi ta yi.

Babur! A'a… ya wuce, mai kai niƙa ne. Goma saura kwata.

Kai! Gefen gwangwanin ya tsaga masa yatsa. Jini a kan fentin. A goge, a goge maza, ba a nan ba, ba a gefen hagu ba… ya shiga cikin lakar. Shi ke nan, ya shiga. Ya sa yatsan a baki, ɗanɗanon ƙarfe da gam.

Ɗan sojan yake son gani. Sau ɗaya kafin a tafi. A cikin kwalin ya zo, ɗan mutum-mutumi bai kai gaɓar yatsa ba, rabin jiki, hannuwa a miƙe kamar mai riƙe da sitiyari. Fari aka yi shi. Sai da ya haɗa fenti kala huɗu kafin ya samu kalar fatar gidan nan, ya ɗiga masa tabon nan na gira da ƙofar shago ta yi wa Sabiru yana ƙarami. Wata biyu yana zaune a kan teburin nan suna hira. Sai ranar da Liman ya kawo agogon masallaci gyara, idonsa ya sauka a kai.

"Malam Harisu, motar ba laifi, ba mai rai ba ce. Amma wannan mai fuskar fa… ko dai ka cire kan, ko ka kawar da shi. Kada ka hana mala'ikun rahama shiga gidanka."

Gidan da ake jiran rahama dare da rana! Ya ɗauki reza, Allah Ya sani ya ɗauka. Ya ɗora a wuyan. Wane uba ne zai… ina! Sai dabara ta zo masa, har yana yaba wa kansa. Ya zaunar da shi a kujerar direba, ya rufe murfin a kansa, ya bi gefen da gam. Ba a cire kai ba, ba a kuma bar shi a fili ba. Liman ya gamsu, mala'iku su shigo, yaron yana ciki abinsa a inuwa. Da damina ta zo ya lura saman ma ba shi da kauri. Falle ɗaya a kan murfin. Da sallar layya ya ƙara wani. Na ukun yaushe ne ma?

Hantsaki. A sa bakin a gefen murfin, a ɗaga kaɗan… ina gefen yake? Ya shafe shi. Da hannunsa ya bi da samfefa har wurin ya zama sumul, ya yi fenti, ya zuba ƙasa. Nan ne? Ko nan? Reza. A hankali, Harisu, a hankali… ƙas! Ta karye. Wata. Gam ɗin ya zama dutse. Ya girgiza ta a kusa da kunnensa, ko motsi babu. Buɗe mana. Buɗe, don Allah, buɗe —

"Murfin muka tsaya kallo, Baba."

A'a. Dabo bai faɗi wannan ba. Gefen hagu kawai ya ce, ƙasan sarƙa, ya sha ruwa ya tafi…

Bai sha ruwan ba. Yana zaune can inda butar take, sandarsa a kan cinya, hawaye yana bin gemunsa. "Biyu sun fito ta sama, da wuta a jikinsu. Murfin direban muke jira. Ina kiran sunansa, wallahi ina kira. Bai buɗe ba, Baba. Har ta cinye bai buɗe ba. Aka ce mu ja da baya, muka bar ta a can. Ni na gani da idona. In ana son shaida ko gaban wa ne zan faɗa."

Shi kuma me ya ce? Uban yaron, mai salla a sahun gaba, me ya ce? Ya tashi ya saki labulen cikin gida. Ya dawo ya kama hannun Dabo. "Hayaƙi ne, ba ka gani da kyau ba. Kada ka faɗa a cikin gida. Kada ka faɗa wa kowa, na haɗa ka da Allah." Yaron ya yi ta kallonsa. Ya rantse, don an girme shi. Bai sake takowa Daura ba.

Wata huɗu da kwana goma. Iyakar abin da Allah Ya ɗora mata ke nan. Da tuni ta fita, da tuni tana ɗakinta da goyo, da an yi wa Sabiru salla, an yi sadaka, an roƙa masa gafara da sunansa kamar kowane mamaci. Ko wannan bai samu ba. Shekara huɗu babu wanda ya ce Allah Ya jiƙansa, don ubansa zai ɓata rai. Ba alƙali ne ya tsare yarinyar nan ba. Ba sojoji ba ne. Shi ne, da almakashi da gindin cokali.

To yanzu a gaban alƙali fa? In ya ce babu labari, ya yi ƙarya a inda ake ɗora hannu a kan Littafi, kuma za ta tafi tana yi masa addu'a, tana cewa Baba ya riƙe ta amana. In ya ce akwai… tana nan zaune a bayan ubanta cikin hijabi, za ta ji. Za ta ƙirga. Ba za ta ce komai ba, ya san ta, sai dai ta ɗago ido sau ɗaya…

Babur ya tsaya a ƙofa. An kashe inji. Tsintsiyar ma ta tsaya.

"Salamu alaikum."

Gam ya kama yatsunsa biyu a jikin murfin, ya ja, sun ƙi. Gilashin yana nan a idonsa, komai na zauren ya yi dishi-dishi, sai gwangwanin nan kawai, ƙato, sumul, babu ko tsaga. Rigar kotun tana rataye a ƙusa, Rauda ta goge ta tun jiya. Ya gaji. Wayyo Allah, ya gaji.

"Salamu alaikum… Malam Harisu, kana ciki?"

Yana ciki. Ya buɗe baki zai amsa…