Tagar da Ta Shanye Haske

Wata goma sha ɗaya Uwar Naci ta yi tana haska tururin sinadarin benzin da fitilar UV, bai fashe ba. Abokan karatunta ne suka laƙaba mata sunan, don ita kaɗai ke maimaita gwaji sau goma. Aikin digirinta na biyu ke nan, kuma saura mako uku wa'adinta ya cika. In ba ta miƙa kundi ba, jami'a za ta soke sunanta.

A littafi abin ba wuya. Ƙwayar benzin zobe ce ta kabon shida. A zuba tururin a tulun ƙarfe da aka zuƙe wa iska, a haska shi ta wata 'yar taga da hasken UV ɗin nan da ido ba ya gani, sai zoben ya sha ƙarfin da ba zai iya riƙewa ba, ya tsinke, gutsattsarinsa su fito a takardar na'ura kamar ƙananan tuddai. Ita kuwa kullum tudu ɗaya take gani, ƙato, na zoben da ke nan lafiyarsa lau.

Ranar Talata ta kwance tagar don ta wanke. Da ta ɗaga ta a rana, sai ta ga gefenta kore-kore. Gilashin kwats, wanda ke barin wannan haske ya wuce, gefensa fari ne tas. Wannan kuwa gilashin tagar ɗaki ne, shanye hasken yake yi.

Ta sami Baba, mai kula da ɗakin gwaji shekara ashirin, yana goge kwalabe.

"Baba, wa ya sa wannan?"

"Ni mana, 'yata. Wancan ya tsage ina wanke shi, shekara huɗu ke nan. Na kai wa mai yankan gilashi ya fitar mini da irinsa. Duba ki gani, ai ya ma fi wancan sheƙi."

"Baba, hasken ba ya ratsa shi!"

Ya kara shi a ido yana dariya. "Ga ki nan ina kallon ki ta ciki, har da fushinki. Gilashi ai gilashi ne."

Ba Baba ne ya ƙona mata rai ba. Ɗalibai uku ne suka kammala da wannan tulun a shekara huɗun nan, kowanne da tuddansa reras a kundi. Daga ina suka samo su?

Ta ajiye gilashin a teburin Farfesa, mai duba aikinta. Ya kalle shi, bai ko taɓa ba.

"An rubuta takardar neman sabo," in ji shi.

"Yaushe, ranka ya daɗe?"

"An dai rubuta."

"Ashe ka sani."

"Ke yarinya ce." Ya jawo kundin wani tsohon ɗalibi ya tura gabanta. "Turawa sun fasa zoben nan tun ba a haifi mahaifinki ba. Kowa ya san abin da zai fito. Duba yadda yayanki ya tsara nasa, ki ɗan sauya lambobi. A bar kaza cikin gashinta."

"Wato in zana abin da ban gani ba."

"Ki zana abin da za ki gani da kaya sun cika. Ina ƙaryar take?"

Ta bar kundin a nan. Ta rubuta nata yadda abin ya faru: tudu ɗaya, sau ɗari da goma sha biyu, da dalilinsa a babi na huɗu.

Ranar kare kundi malamai biyar suka zauna, fanka na kaɗawa. Babu wanda ya ce ta yi kuskure. Wata Dakta ma ta yaba da tsabtar rubutunta. Amma shugaban zama ya ce taken aikin shi ne fashewar benzin, benzin kuma bai fashe ba, don haka babu sakamako. Babi na huɗu kuwa, ya ce, rashin ladabi ne ga magabata.

"A ba ni wata uku da taga ta gaskiya," in ji ta.

"Wa'adi ya cika, 'yata. Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Duk suka amsa da amin, har da Farfesa. Sakatariya ta biyo ta baranda da gudu, ta karɓi makullin ɗakin gwaji da katin shaidarta.