Ita Makulli, Ni Mage

Kofur ya daka tsalle daga kan kabad ya dira a kan kwandon. Kwandon ya kife, Sisi ta fito a guje ta shige ƙarƙashin gado. Shi kuma ya tsaya a tsakar ɗaki, gashin bayansa a miƙe, yana wani gurnani da ban taɓa jin ya yi ba a shekara shidan da nake kiwonsa. Kofur muzuruna ne. Sisi kuwa magen Mama Edith ce, maƙwabciyata, wadda ƙofarta ke kallon tawa a gidan hayarmu na unguwar Romi.

Wadda ta kawo kwandon tana tsaye a bakin ƙofa. Rakiya ke nan, sabuwar 'yar haya da ko wata takwas ba ta cika a gidan ba. Makullin ɗakin Mama Edith na rataye a wuyanta da zare.

"Maman Precious, ta ce a kawo miki ita. Wai ke kaɗai za ki iya."

"Na gani," na ce. Makullin nake kallo.

Shekara goma sha bakwai muna tare da Mama Edith, tun tana aiki a masaƙa. Da mijina ya rasu, wata guda ta yi tana kwana a ɗakina. Benci ɗaya muke zama a coci, anko ɗaya muke ɗaurawa na zumuntar mata. In ta dafa gwate, kwanon farko nawa ne. Amma da ciwon ƙoda ya kwantar da ita, Rakiya ce mai yi mata wanka, mai juya ta, mai kai ta asibiti. Ni in na shiga sai ta ja bargo har wuya ta ce, "Je ki huta, ga ciwon bayanki." Yanzu ga shi an raba gado tun da rai. Ita makulli, ni mage.

Kwana huɗu ban leƙa Mama Edith ba. Na faɗi ne don haka aka yi. Ina zaune a ɗaki ina jin muryar Rakiya tana rera mata waƙar da ni na koya wa Mama Edith. A ɗakin nawa ma ba lafiya. Kofur ya daina cin abinci, ya yi fitsari a takalmina na coci. Sisi ba ta fitowa sai in ba ya nan. Rana ta huɗu ya ritsa ta a bayan buhun masara ya yaga mata kunne.

Washegari da hantsi na saka ta a kwando na tsallaka. Ko gafara ban ce ba.

"Mama, ga magenki. Kofur zai kashe ta."

Tana kwance, Rakiya na shafa mata mai a ƙafa. Ta dube ni, ta dubi kwandon.

"Yaya kika haɗa su?"

"Yaya kuwa? An kawo, an ajiye."

"Haba, Rhoda. Kamar doya?" Ta yi dariya, tari ya kama ta. Da ya lafa ta ce, "In kin mayar min da ita, ranar da aka fita da ni 'yan farfesun bayan layi za su yi biki da namanta. Ki rufe ta a kicin tukuna. Ki sami tsumma mai warin da ta sani, ki goga mata a kumatu, ki je ki goga masa, ki dawo ki goga mata. Safe da yamma, har warinsu ya zama ɗaya. In za ki ba su abinci, ki fara zuba wa Kofur, a gabanta, ki kira sunansa da ƙarfi. Na gida ba faɗa yake so ba. So yake ya ji ba a manta da shi ba."

"Ashe kin san haka," na ce.

Rakiya ta rufe kwalbar mai.

"Rakiya, 'yata, ɗan ba mu wuri."

Da ta fita, Mama Edith ta mai da idonta kan silin.

"Yarinyar nan ba ta san ni da ƙiba ba," ta ce. "In ta ɗaga ni, tsohuwa ta ɗaga, shi ke nan. Ke kuwa in kin kalle ni, a idonki nake ganin abin da ya rage."

Ta kai hannu ta kwance ɗankwalinta, mai ruwan toka, wanda take kwana da shi. Kitson nan da nake yi mata duk Asabar babu shi. Sai fata, da 'yan silin furfura. Ban kau da kai ba, ita ma ba ta rufe ba.

"Ungo tsummanki. Wannan warin ta sani."

"Gobe ni zan yi miki wanka."

"Da wannan bayan naki? Mu biyu mu faɗi, Rakiya ta rasa wa za ta fara ɗagawa."

Ba ta yarda da wankan ba. Amma kwana uku ina shiga, ina ba ta kunun acca da cokali, ina kawo mata labari. "Yau ya shinshina ƙasan ƙofar kicin." "Yau ya yi gurnani sau ɗaya kawai." Sai ta ce, "Kofur zai zama saje."

Ranar Alhamis da rana ina zaune a ƙasa a bakin kicin, ɗankwalin a hannuna, na buɗe ƙofar kaɗan don su ga juna. Ina jin Rakiya tana waƙa a can. Sai waƙar ta tsaya a tsakiya. Na ji takunta a tsakar gida.

"Maman Precious, ki zo."

Na tarar ta riga ta rufe mata ido. Taku bakwai ne tsakanin ƙofata da tata. Na sha ƙirgawa daga baya.

Mun kai ta ƙauyensu a Filato, matan zumunta cike da bas biyu. Da muka dawo mai gida ya karɓi makullinsa. Yanzu babu komai a wuyan Rakiya.

Takan zo da yamma ta zauna a ƙarshen bencina. Nakan miƙa mata kofin kunu, ta karɓa. Na san akwai abin da Mama Edith ta faɗa kafin waƙar ta tsaya. Ita ba ta faɗa min ba, ni ma har yau bakina ya kasa tambaya.

Ɗankwalin ban wanke shi ba. Jiya na shimfiɗa shi a bakin ƙofa inda rana ke sauka. Sisi ta zo ta kwanta a gefe ɗaya. Can sai ga Kofur, ya zagaya, ya shinshina, ya kwanta a ɗaya gefen ya juya mata baya. Wutsiyarsa tana kan ƙafarta, ba ta janye ba.