Sabon Fenti a Motar Ba Ajimi

Duk unguwar Barunde ta Gombe babu wanda bai san farar Fijo ta gidan Wakil mai hula ba. Tsohuwar mota ce ta mahaifinsa, marigayi Ba Ajimi, kuma a cikinta suka gudo daga Bama shekarar da gari ya watse. A kan hanyar nan ciwon tsohon ya tashi, ya cika a kujerar baya, kansa a kan cinyar matarsa Ya Falmata, mahaifiyar Wakil. Tun daga ranar Ya Falmata ba ta sake sa ƙafa a motar ba. Ko giftawa za ta yi ta tsakar gida sai ta ja lafayarta ta kare fuska. Amma fa ka ce a sayar, nan za ka ga tashin hankali. Ba ta shiga, ba ta kuma yarda a rabu da ita.

To ga shi ƙanwarta Yagana tana kwance a Maiduguri, jiki ya yi tsanani, kullum saƙonta ɗaya ne: a kawo mata yayarta ta gan ta. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Motar haya kuwa ba ta taso ba, don ƙafafun Ya Falmata kumbura suke yi, ba za ta iya a cusa ta cikin mutum huɗu a baya tun daga Gombe har Maiduguri ba. Sai dai motar gida, wadda za a tsaya mata duk inda ta ce a tsaya.

Wakil ya yi lallashi har bakinsa ya gaji. Ranar nan dai ta ce masa, "Kai Wakil, ka ƙyale ni. In na ga farin motar nan, ranar nake gani."

Da wani ne ya ji haka, da tausayi ya kama shi. Shi Wakil tsalle ya yi kamar an yi masa albishir.

"Farin ne matsalar, Ya? Ai shi ke nan, an gama!"

Mutumin nan fa hula yake sayarwa a babbar kasuwa, bai taɓa fentin ko ƙofar bayan gida ba. Amma Allah Ya yi shi da yarda da kai, irin mutanen da in sun ga abu sau ɗaya a waya sai su ce sun iya. Ya tafi Herwagana wajen abokinsa Iro mai fentin mota, ya ce a ara masa injin iska da bindigar feshi.

Iro ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kawo ta gareji mana in yi maka. Fenti ba ɗinkin hula ba ne, malam."

"A gida zan yi," in ji Wakil. "In na kawo ta nan ta koma da wani launi, tsohuwa za ta ce wayo aka yi mata. So nake a gaban idonta motar ta sauya."

Iro ya daina dariya. Ya ba shi kayan, ya nuna masa yadda ake riƙe bindigar da yadda ake haɗa fenti da tina, ruwan da ake tsinka shi da shi. Ya ja masa kunne a kan shafi na ƙarshe, wanda masu sana'ar ke kira kiliya, ruwan nan garai da ke sa mota ƙyalli. Ya ce, "Shi ba ya yafiya. Ƙuda ya sauka, ya zauna ke nan. Kuma kada wuta ta matso, don yana ɗanye ɗan'uwan fetur ne."

Wakil ya kafa tanti da tamfol a tsakar gida, ya rufe gilasai da fitilu da tsofaffin jaridu da tef. Ya bi jikin motar da sanfefa yana jiƙawa yana gurzawa, farin ruwa na gangarowa har bakin rariya. Matarsa Sadiƙa ta leƙo daga madafa ta ce, "Abban Mohammed, wai mota kake gyarawa ko kunun kanwa kake damawa?"

"Ki dai tanadi guɗa," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba.

Ya cike lotsattsun wurare, ya fesa shafin farko mai ruwan toka, ya sake gurzawa. Yatsunsa suka ɗaye, kafaɗa ta riƙe, ko a jikinsa. Da ya fesa shuɗin, shuɗi mai duhu da ya zaɓa da kansa, fenti ya zubo a ƙofar gaba kamar majina. Sadiƙa ta ce to fa. Shi kuwa ya ce hannu ne ke koyo, ya bari ya bushe, ya kankare, ya maimaita, na biyun ya kwanta lafiya lau.

Duk wannan hidima Ya Falmata tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi, ta ba tantin baya. Ba ta ce sannu ba, ba ta ce bari ba. Wannan shirun ne kawai ke ɗan sosa wa Wakil rai, don waya daga Maiduguri ba ta daina shigowa ba, kuma muryar masu kiran kullum ƙara sanyi take. Sai ya ce wa kansa, bari dai ta ga ƙyallin.

Ranar kiliya ya zaɓi safiya bayan an kwana ana ruwa, gari ya yi luf, ba iska. Ya yayyafa wa ƙasan tantin ruwa, ya ce Sadiƙa ta kashe murhu, ya kore kaji waje. Ya ɗaure hanci, ya yi bisimilla, ya danna bindiga. Hannu na tafiya daga wannan gefe zuwa wancan, ba gaggawa, ba tsayawa. Ya yi shafi ɗaya, ya jira ya ɗan kama, ya bi da na biyu mai kauri. Kai, jama'a! Motar nan ta fito kamar an tsamo ta daga ruwa. Ya ga fuskarsa a ƙofa har da furfurar gemu. Daɗi ya kama shi, ya ajiye bindiga ya kashe injin, yana cewa a ransa ina ma Iro na nan ya ga ɗinkin hula.

Juyowar da zai yi sai ya ga an ɗaga tamfol. Ya Falmata ce, riƙe da kaskon turaren wuta, garwashi ja wur, hayaƙi na tashi, ta nufo motar gadan-gadan.

"Ya! Wuta!"

Bai san lokacin da ya yi tsalle ya fizge kaskon daga hannunta ba. Ya ruga da shi can ƙarshen gida, gindin dalbejiya, ya dire. Ya dawo yana haki, ya tarar da ita tsaye a bakin tanti, hannunta a yadda ya bar shi. Tunda aka haife shi bai taɓa fizge abu a hannun mahaifiyarsa ba. Kunya ta rufe shi, ya durƙusa.

"Ki gafarce ni, Ya. Fentin nan ɗanye ne, in ya ji wuta duk gidan nan tashi zai yi."

Ta dube shi sama da ƙasa. "A ina ka taɓa ganin 'yar Barno ta shiga sabon wuri ba a yi masa turare ba?"

Ta juya ta tafi. Sai a lokacin maganar ta sauka a kansa. Shiga ta zo yi! Shiga ta zo yi, shi kuma ya kore ta da ihu. Yarda da kan nan duk ta zube, ya ji kamar ya ɗora hannu a ka. Ya san halin tsohuwarsa, in ta shige ɗaki ta saki labule, magana ta mutu.

Amma ba ɗaki ta nufa ba. Gindin dalbejiya ta je, a hankali, tana jan ƙafa. Ta tsaya a kan kaskon ta baza lafayarta ta rufe shi, yadda matan Barno ke yi in za su fita unguwa, hayaƙi na shiga ta ƙasa yana fitowa ta wuya. Ta daɗe a haka. Sadiƙa ta fito daga madafa ta tsaya, ta kama baki. Da tufafin suka ƙoshi, Ya Falmata ta tattare lafayar ta ƙanƙame a jiki don kada ƙamshin ya tsere, ta dawo tantin.

"Tunda motarka ba ta son wuta, ga turaren na kawo mata a jikina. Buɗe min."

Wakil ya yage tef da jaridar da ke ƙofar baya, ya buɗe. Ta matso. Ƙafafun ba sa ɗaukarta, dole ta nemi abin dafawa, ya ga tafin hannunta ya ɗaga yana neman rufin motar, daidai inda kiliyar ta fi kwanciya. Yana da lokacin da zai ce kada ta taɓa. Ya haɗiye maganar. Hannun ya sauka ya zauna daram, yatsu biyar suka nutse a cikin ƙyallin, gefen lafaya kuma ya shafi bakin ƙofa ya bar zare-zare. Wallahi bai ji zafin ko ɗaya ba. Ya tallafi gwiwar hannunta har ta zauna.

A gefen da ta zauna ranar da suka baro Bama ta zauna. Cikin motar duhu-duhu saboda jaridun da ke gilasai, ƙamshin turare ya cika ta ya danne warin fenti. Ta ɗora hannunta mai danƙo a kan cinya, ta dubi kujerar da ke gefenta, hawaye suka zubo ba ta share ba. Wakil ya tsuguna a bakin ƙofa, shi ma nasa idon ya cika. Ta yi addu'arta ta shafa.

Sannan ta ce, "Yaushe abin nan naka zai bushe?"

"Zuwa gobe ya kama jikinsa, Ya."

"To kira Yagana. Ka ce mata ta jira ni, ina hanya."